Inda na kai Mma gwajin ciki a Kumasi

Shekara uku Mma tana fama da ciwon ciki. Kowa a unguwar Aboabo cewa yake olsa ce, ita kuma ta yi ta shan omeprazole, maganin olsa, ta bar yaji, ta bar koko. Da likita ya ce sai an zura kyamara ta baki an ɗebo ɗan naman bangon cikin, na kai ta wani asibitin kuɗi a nan Kumasi.

Sun ɓata min rai da farko. Wadda ta ɗauki waya ta ce kar Mma ta ci komai na awa 8, shi ke nan. Muka yi sammako muka hau trotro, wato motar haya, tsohuwa da yunwa, sai a can nas ta ce ai omeprazole yana ɓoye ƙwayar cutar da ake nema, dole a dakatar da shi sati 2 kafin gwaji. Haka muka juyo. Idan za ku je, ku faɗi duk maganin da ake sha tun a waya.

Zuwa na biyu kuwa sai godiya. An bar ni na shiga don in yi wa Mma tafinta. Nas ɗin ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Hajiya, ga abin da za a sa miki, sabo ne." A gabanmu ta yage ledar. Waya ce siririya, ta haura mita ɗaya da rabi, a ƙarshenta akwai ɗan baki mai buɗewa da rufewa kamar na ɗan tsako. Ta cikin bututun kyamarar ake zura ta, in an gama a jefar. Wannan ne ya kwantar min da hankali, don dama tsorona kayan da aka sa wa wani.

Aka fesa mata maganin kashe zafi a maƙogwaro, ta kwanta ta gefen hagu. Ta yi yunƙurin amai sau biyu, hawaye na zuba, ina riƙe da hannunta. Amma tsinkar naman, wanda bai wuce ƙwayar gero ba, ta ce ko ji ba ta yi ba. Minti goma aka gama.

Cikin naman da aka tsinko, ɗaya aka sa a wani ɗan faranti mai ruwan ɗorawa, kafin mu tafi ya koma ja-ja. Likita ya ce wannan alamar H. pylori ce, ƙwayar cuta mai kawo olsa da Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Sauran aka sa a kwalba mai sunanta, cikin fomalin, ruwan da ke hana nama lalacewa, aka aika ɗakin bincike don a tabbatar ba ciwon daji ba ne.

Alhamdulillahi, ba shi ba ne. Ta sha magani na kwana 14. Kuɗin ya taɓa ni, amma gobe ƙanwarta zan raka can. Jiya da daddare Mma ta cinye tuwonta da miyar ayoyo, har ta ce in ƙara mata.