Kwas ɗin CCNA na Cisco: kafin ka biya, tambayi mutum nawa suka gama

Ta fannin abin da ake koyarwa, kwas ɗin CCNA na Cisco Networking Academy, wanda ke koyar da haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta da kula da su, ya cancanci kuɗinsa. Tun 1997 shirin ke gudana. Karatun kashi 3 ne, kowanne kusan awa 70: tushen haɗa kwamfutoci, sai suwici da rauta (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da kai saƙo tsakaninsu) da waya-fai, sannan tsaro da manyan hanyoyin sadarwa na kamfanoni. Manhajar gwaji ta Packet Tracer kyauta ce, kuma a ciki ɗalibi zai haɗa rauta da suwici, ya ɓata, ya gyara, ba tare da ya ƙona kayan kowa ba. Sai dai tana buƙatar kwamfuta, waya ba za ta wadatar ba.

Inda ajin ke fara zubewa shi ne rarraba adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a kan hanyar sadarwa. Ɗalibin da bai gane dalilin da ya sa rukunin adireshi da ake rubutawa /26 ke ba da adireshi 64, amma 62 kaɗai ake iya bai wa na'urori ba, duk abin da ya biyo baya duhu ne a wurinsa. Sai ya daina tambaya, daga nan ya daina zuwa. Malamin kirki yakan tsaya a nan ya sa a yi ta lissafin da biro da takarda. Mai gaggawar cinye manhajar karatu kuwa wucewa yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu cibiyoyi ke ƙirga waɗanda suka yaye. Takardar kammala kwas daban, satifiket ɗin CCNA daban. Shi na biyun sai an zauna jarrabawar 200-301 ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE, minti 120, dala 300, kuma bayan shekara 3 sai an sabunta. Akwai rangwame ga wanda ya samu kashi 70 cikin ɗari a zaman farko na jarrabawar ƙarshen kashi na uku, amma ba kowane malami ke faɗa tun da wuri ba. Saboda haka ka nemi alƙaluma uku: nawa suka yi rajista, nawa suka gama, nawa suka ci 200-301.

Mata sun yi ƙaranci a irin waɗannan azuzuwa, kuma sau da yawa laifin jadawali ne. Ajin da ke tashi bayan isha'i ya riga ya sallami matan aure da 'yan matan da gida ba za a bar su fita da dare ba. Harshe ma shinge ne: akwai darussan da Faransanci, abin da ya taimaki 'yan Nijar, amma babu Hausa.

Ka kuma leƙa ɗakin gwajin da idonka. In babu suwici na gaske, babu kebul da kawunan RJ45 da ake sa wa bakin kebul ɗin da filayar matse su, nemi wata cibiyar.