Hattara da masu cewa ku kawo sarƙoƙin gwal a musanya muku da "sulallan tarihi"

Jama'a, akwai wata talla da ke yawo a Facebook da WhatsApp da TikTok, kuma mata masu ajiyar gwal ta fi hari. Sunan shafin yana canzawa, lambar wayar ma haka, shi ya sa kama suna ba zai amfane ku da komai ba. Salon ne ba ya canzawa. Za a ce, "Hajiya, don me za ki bar sarƙarki tana kwance a akwati? Kawo mu saya da daraja, mu mayar miki da kuɗin sulallan zinariya na tarihi, waɗanda farashinsu ba ya faɗuwa." Wasu har ƙarawa suke yi da cewa za su ajiye miki sulallan a ma'ajiyarsu, suna turo miki riba duk ƙarshen wata.

Wanda ya shiga wannan ciniki sau uku ake yankarsa: wajen awo, wajen sulallan, sannan wajen ajiya.

Mu fara da sikeli, domin nan ne ake yin ɓarnar da mutum ba ya ma sanin an yi. Kuɗin gwal ɗin da za a narkar abu uku ne ke fitar da shi: nauyinsa, yawan zinariyar da ke cikinsa, da farashin ranar. Farashin ranar ba sirri ba ne. Sau biyu ake tsayar da shi a Landan kowace ranar aiki, safe da yamma, kuma duk mai waya zai iya dubawa. A kan oza ake faɗarsa, ozar da ake auna zinariya da azurfa da ita, wadda take giram 31.1. Yawan zinariyar kuwa shi ne karat. Karat 24 zalla ce. Karat 22 ana buga mata 916, wato kashi 91.6 cikin ɗari zinariya ne, saura jan ƙarfe ko azurfa. Karat 21 tana ɗauke da 875, karat 18 da 750, karat 14 da 585, karat 9 da 375. Ku duba bakin maɗaurin sarƙa ko cikin zobe, galibi lambar tana nan, ƙanana ƙwarai.

To ga yadda suke yi. Sarƙa mai giram 20, karat 21, tana da zinariya zalla giram 17.5. Sai mai saye ya goga ta a dutse, ya ɗiga mata asid, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai sha takwas ce, lambar jikinta ƙarya ce." Da wannan kalma ɗaya giram 17.5 ya koma 15, ya ci giram biyu da rabi kina tsaye kina kallo. Gaskiya ne ana samun lambar ƙarya a jikin kaya, amma abin lura shi ne a hannun waɗannan mutane kullum ƙasa kayan ke yi, ba a taɓa jin sun ce wata sarƙa ta fi abin da aka rubuta mata ba. Idan kin kawo kaya da yawa, sai su zube 'yan kunne da warwaro da zobba gaba ɗaya a kan sikeli, su yi musu kuɗi a kan karat mafi ƙanƙanta da ke cikin tarin. Idan akwai duwatsu a jiki, sai a cire nauyinsu da ƙiyasi, a cire fiye da kima, kuma duwatsun ba za a dawo miki da su ba.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta ma'aunin. Ƙananan sikelin dijital suna da maɓallin da ke sauya awo daga giram zuwa wani ma'auni da ake rubutawa dwt, wanda ɗayansa giram 1.555 ne. Sarƙar nan mai giram 20, in aka danna maɓallin, 12.9 za ta nuna. Ya juyo miki da fuskar sikelin ki ga lambar da idonki, ya biya ki a kan farashin giram. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi ke nan, kuma ke da kanki za ki rantse kin ga awon. Ku riƙa duba 'yan haruffan da ke gefen lambar. Mafi sauƙi ma, ku auna kayanku a wani wurin kafin ku je, ku rubuta nauyin kowanne daban.

Wasunsu ba su da shago. Ɗakin otal suke kamawa na kwana biyu ko uku, ko su ce a aiko da kayan ta masu kai saƙo, "in mun gwada za mu faɗa miki farashi." Da zarar kaya sun bar hannunki, ciniki ya ƙare. In kin ce farashin bai yi ba a dawo miki da abinki, sai a ce ai an riga an narkar.

Yanzu sulallan. Sulallan zinariya iri biyu ne, kuma a tsakanin biyun ɗan damfara yake samun wurin ɓuya. Akwai waɗanda gwamnatoci ke bugawa don masu ajiyar dukiya, kuɗinsu kuɗin zinariyar cikinsu ne da ɗan ƙari kaɗan na bugu da la'ada. Krugerrand na Afirka ta Kudu, wanda aka fara bugawa a 1967, shi ne ya fi shahara. Kanada ta fito da Maple Leaf a 1979, Amurka ta biyo da Gold Eagle a 1986. Akwai kuma na masu tara sulalla don sha'awa, waɗanda tsadarsu ta dogara da ƙarancinsu da lafiyar jikinsu. Abin da mutanen nan ke yi shi ne su ɗauko na farkon, ko ma abin da bai kai shi ba, su sa masa kuɗin na biyun.

Sulallan gwamnati suna da awo sananne, ba a yin ciniki a kansa. Krugerrand na oza ɗaya nauyinsa giram 33.93, faɗinsa milimita 32.77, karat 22 ne, jan ƙarfen da ke ciki ne ya sa yake ɗan ja. Sovereign na Ingila giram 7.98 ne, zinariyar cikinsa giram 7.32. Zinariya tana da nauyi ƙwarai, ta ninka tagulla fiye da sau biyu, don haka jabun da aka yi da tagulla aka yi masa ruwan gwal, in ya yi daidai da faɗi da kauri, nauyinsa wajen rabi zai tsaya. In kuma an cika masa nauyi, sai ya yi kauri ko faɗi fiye da kima. Sikeli mai kyau da abin auna kauri sun isa su tona yawancin jabu. Ku kula kuma da "oza" ɗin da ake faɗa muku. Ozar da ake auna sauran kaya da ita giram 28.35 ce, ta gaza ta zinariya da giram 2.75. Idan kun ga GP ko GF a jikin abu ko a takardarsa, rufi ne kawai aka yi wa wani ƙarfen, ko da an rubuta "karat 24" da manyan baƙaƙe a kan kwalin.

Maganar tarihi kuwa, nan ne romon baka yake. Za a nuno miki liyari, sulen azurfar nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, a ce dubi shekarar, 1780, ya haura shekara ɗari biyu. Abin da ba za a faɗa miki ba shi ne, tun bayan rasuwar sarauniyar a 1780 ake ci gaba da buga shi da wannan shekarar, an buga ɗaruruwan miliyoyi, har yau ma ana bugawa a Ostiriya. Azurfa ce ta gaske in na gaske ne, giram 28 da 'yan kai, kashi 83.3 cikin ɗari, amma kuɗin azurfarsa ne kuɗinsa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Za a kuma ba ki labarin sulen Amurka na 1933 da aka yi gwanjonsa a kan miliyoyin daloli a 2021. Labarin gaskiya ne. Sai dai wannan sule shi kaɗai ne a irinsa da doka ta yarda wani mutum ya mallaka, kuma babu abin da ya haɗa shi da wanda ake miƙo miki a leda.

Kada robar da aka rufe sule a ciki ta ruɗe ku. Akwai kamfanonin tantancewa na gaske, irin su PCGS da NGC, masu rufe sule a roba da lamba a jiki, amma robar ma ana yin jabunta. A shiga shafin kamfanin a duba lambar, a kuma gwada hoton da ke can da abin da ke hannu. "Satifiket" ɗin da mai sayarwa ya buga da kansa kuwa takarda ce kawai.

Na san wasu za su ce ai suna da maganaɗisu. Maganaɗisu yana kama jabun da aka yi da baƙin ƙarfe, amma ba ya kama tagulla, ba ya kama jan ƙarfe ko dalma. Asid da na'urar haske da masu shaguna ke amfani da ita fatar abu kawai suke karantawa. Akwai kuma wani ƙarfe, tangistin, wanda nauyinsa kusan ɗaya yake da na zinariya. A 2012 an gano sandunan gwal masu oza goma a New York da aka raraƙe cikinsu aka cusa shi, alhali masu sana'ar ne da kansu suka saya. Saboda haka abu mai tsada a kai shi wurin mai gwaji wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, kuma wanda zai haɗa gwaji fiye da ɗaya. Mai kayan gaskiya ba ya jin zafin wannan. Wanda ya fara cewa "tayin na yau ne kawai" ko "akwai mai jira", ku tattara kayanku.

Yanka na uku ba ya buƙatar dogon bayani. Zinariya ba ta haihuwa. Wanda ya ce zai ajiye miki sulalla yana ba ki riba tsayayya duk wata, daga kuɗin sababbin shiga yake biyan ki, kuma ranar da suka daina shigowa shafin zai yi ɓatan dabo. Sau da yawa sulallan ma babu su, hoto ne da rasit. Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa: musayar zinariya da zinariya sai nauyi ya yi daidai kuma hannu da hannu, sayenta da kuɗi ma sai an karɓa a wurin. Ciniki irin na "kawo sarƙa yau, sule yana ma'ajiyarmu" ya faɗi tun a nan.

Su kansu masu tsofaffin sulalla a gida ba su tsira ba. Ka sa hoton sulen da ka gada, sai wani ya faɗo maka ta saƙo ya ce akwai Bature mai nema ido rufe, amma sai ka biya kuɗin tantancewa da na inshora tukuna. Mai saye na gaske ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa. Wani kuma zai zo da kansa ya nuna maka alat a wayarsa. Kada kaya su bar hannunka sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. Kuma don Allah kada a goge tsohon sule don ya yi ƙyalli, gugar tana zubar masa da daraja a wurin masu tarawa.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, ya daina tura ko sisi, ko da an ce masa kuɗin fito da kayansa ne. Ya ɗauki hoton duk hirarsu da tallar da lambar asusun da ya tura wa kuɗi kafin su goge, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarsa. Bayan 'yan kwanaki wani zai iya kiransa ya ce shi lauya ne ko jami'i, zai ƙwato masa kayansa in ya biya wani abu. Yawanci su ɗin ne dai suka dawo da sabuwar lamba.