Hattara da masu tallan "farin haƙori cikin minti talatin"

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na rubuta, domin ƙanwata ba ta so a tayar da zancen. Amma shekaranjiya na ga wata ƙawarta ta ɗora tallan matar da ta damfare ta da maganin farin haƙori a WhatsApp, sai na ga idan na ci gaba da yin shiru, haƙƙin wanda ya faɗa zai hau kaina.

Saura sati uku bikin ƙanwar tawa, ana tsaka da dilka da halawa, ta ci karo da wani shafi a Instagram. Hotunan haƙora ne birjik, na kafin a yi da na bayan an yi, wai kayan daga waje ake kawo su, na ganye ne zalla babu sinadari. Ta tura naira 25,000 zuwa wani asusu da sunan da ke kansa ya sha bamban da na shafin. Bayan kwana biyu aka sako kayan a mota: sirinji ɗauke da wani ruwa mai kauri, robar da ake cusawa a baki, da 'yar fitila mai shuɗin haske. Babu lambar NAFDAC, babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa, ko jerin abin da aka haɗa babu.

Bayan isha'i ta saka. Ko minti goma ba a yi ba bakinta ya ɗauki raɗaɗi. Ta rubuta wa matar, amsar da ta samu ita ce: "Ki daure Hajiya, alamar yana aiki ke nan." Ta daure har minti talatin ɗin suka cika. Da ta cire, haƙoran sun yi fari fat kamar alli, amma dasashin ma ya yi farin dabbare-dabbare, irin na wanda ruwan zafi ya ƙona. Da asuba na same ta tsugune da buta a hannu tana hawaye, ta kasa kurkure baki a alwala. Ko iska ta ja ta baki sai ta zabura.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mataki na biyu, don nan ne ainihin damfarar take. Da ta kai kuka, sai matar ta juye laifin kan ƙanwata: "Kin sha shayi ko? Ai ba ki bi doka ba." Ta ce dole ta sayi kayan kula na bayan gyara, naira 15,000, su ne za su kwantar da zafin. Yarinya a ruɗe, ga biki ya matso, ta sake turawa ba tare da ta gaya wa kowa a gida ba. Abin da ya zo wani baƙin gari ne kamar dakakken gawayi, yana tashin ƙamshin lemun tsami. Wato ana so ta goga abu mai kaushi da tsami a kan haƙorin da aka riga aka yi wa rauni. Daga ranar da ta nemi a dawo mata da kuɗinta aka toshe lambarta.

Likitan haƙorin da muka je wajensa ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Saman haƙori akwai wani rufi mai tauri da suke kira inamel, kuma idan ya cinye ba ya sake tsirowa har abada. Abu mai tsami yana fara narkar da shi ne da zarar ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 5.5, ruwan lemun tsami kuwa yana wajen 2 (yadda lambar ke sauka, haka tsamin ke ƙaruwa). Abin da ke ƙarƙashin rufin launinsa ɗorawa-ɗorawa ne, saboda haka wanda ya kankare saman don neman fari, ƙarshenta haƙorinsa ƙara rinewa yake yi. Wani ɓangare na farin da ake gani nan take ma bushewa ce kawai, bayan 'yan kwanaki launin sai ya fara komawa.

Gyaran gaske ana yin sa ne da sinadarin haidurojin feroksaid, gwargwado, an kuma kare dasashi. A Turai da Ingila doka ba ta yarda a sayar wa mutum kai tsaye da abin da ya haura kashi 0.1 cikin ɗari ba. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mu kuwa a nan, ana aiko mana da ruwan da ba mu san ƙarfinsa ba a cikin leda.

Kuma ba kowane datti ne yake buƙatar wannan gyaran ba. Na goro da shayi da taba, wankin haƙori a asibiti yakan fitar da mafi yawansa. Jan tabon da wasu suka taso da shi saboda yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha, kamar yadda ake gani a yankin Kaltungo da Langtang, a cikin jikin haƙorin yake, garin gawayi ba zai taɓa shi ba. Ciko da haƙorin roba su ma ba sa canza launi. Kula ta bayan gyara kuwa ba ta buƙatar wani haɗi na musamman: buroshi mai laushi, man goge baki na masu jin tsamin haƙori, sai a ɗaga wa goro, zoɓo, shayi da miyar manja ƙafa na kamar kwana biyu.

Duk wanda zai taɓa muku baki, ku tambaye shi ko yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na ABU Zariya suna da sashen haƙori. Idan kun riga kun saka irin wannan abu kuna jin zafi, ku cire, ku wanke da ruwa mai yawa, ku tafi asibiti da ragowar a hannu. Ku adana rasiɗin tura kuɗin da hirarku, ku kai ƙorafi bankinku da NAFDAC da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

An yi bikin lafiya, dasashin ya warke, amma har yau ruwan sanyi sai ta sirka shi kafin ta sha. Shafin da ya ɓace kuma ya dawo da sabon suna, da hotunan nan dai na da, yanzu har an ƙara da rangwamen amare.