Hattara da mai "gyaran inji ba tare da an buɗe ba" a Jidda da Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mutum da tallarsa ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp kwanakin nan, wai duk motar da ke shan baƙin mai ko injinta ke karkarwa a kawo masa, zai gyara a yini ɗaya ba tare da an sauke inji ba. Ba shi da warsha, wato garejin gyara. Yakan ce a haɗu a Sana'iyya, unguwar makanikai, bayan Isha'i, ya yi aikin a bakin titi, ya karɓi kuɗi a hannu, babu fatura, wato rasit. Hausa ce a bakinsa tsantsa, kowa "Yaya Alhaji" ne a wurinsa, shi ya sa ake sakin jiki da shi. Na san gida biyu da ya cuta, dukansu masu babbar motar iyali. Irinsu yake farauta, don ya san mai kai yara makaranta kullum ba zai iya ajiye mota mako guda ba.

Zai jona 'yar kwamfuta ƙarƙashin sitiyari, ya nuna maka lambobin matsalar inji, ya girgiza kai ya ce a warsha taudib za su ce, wato a sauke inji a yi masa garambawul, kuɗin kuwa sai ka sayar da wani abu. Sai ya zaro kwalba mai rubutun Turawa, wai daga Jamus ake kawo masa. Ya juye man da ke ciki, ya zuba mai kauri 20W-50, ya bi da abin kwalbar, ya ɗaura sababbin fulogi, ya goge lambobin, wutar gargaɗi ta mutu. Ka tayar da mota ka ji ta lafiya lau. Gaskiya ko ni ne zan biya.

Abin da ya sa dabarar ke ci shi ne sabon fulogi yana kawar da karkarwa na ɗan lokaci ko da ciwon na nan, mai kauri kuma yana rage hayaƙi. Ɗaya daga cikin mutanen nan bai cika wata ba motar ta koma gidan jiya. Ina tsaye makanike ya zare fulogin bayan injin: baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf da mai, bakinsa ya yi ɓawon gawayi, da ya goga shi a kwali sai ya bar layi mai maiƙo. Lambar wayar mai kwalbar kuwa a kashe.

Ciwon da yake fakewa da shi sananne ne, musamman a Honda Odyssey mai injin V6 lita 3.5 da tsarin VCM, wanda ke kashe wasu silinda idan mota ta miƙe hanya don rage shan fetur. A wasu motocin mai yakan tsallake zoben fistin ya shiga inda wuta ke tashi, ya ƙone, ya ɓata fulogi, kwamfuta ta nuna P0301 zuwa P0304, lambobin silindar da wuta ba ta tashi daidai a cikinta. A Amurka har kotu aka je, a 2013 kamfanin ya amince da sulhu ya tsawaita garanti zuwa shekara 8 kan wannan matsala, ciki har da Odyssey ƙirar 2008 zuwa 2013. Wa'adin ya wuce tuntuni. Idan abin ya yi tsanani, gyaran da aka sani shi ne buɗe inji a canza zoben. Wane ruwan kwalba ne zai yi wannan? Kuma littafin motocin nan 5W-20 ko 0W-20 ya ce, gwargwadon shekarar ƙira, VCM ɗin ma da ƙarfin mai yake aiki. Zancen "zafin Saudiyya sai mai kauri" kowa na faɗa, amma a nan rufa-rufa ce kawai.

Ba kowace karkarwa ce zobe ba. Wani lokaci kwayil ɗaya ne, wanda ke ba fulogi wuta, ya mutu: a musanya shi da na wata silinda, idan lambar ta bi shi, an kama ɓarawo. Bawul ɗin PCV, mai fitar da tururin cikin inji, shi ma idan ya lalace yana sa shan mai, kuma ba shi da tsada. Makaniken kirki zai zare fulogi ya nuna maka, ya auna matsin kowace silinda, ya cika mai daidai alama ya ce ka dawo bayan kilomita 1,000 a ga nawa ya ragu. Idan wutar gargaɗin tana ƙyaftawa, ba a tsaye take ba, kada ka ce bari in kai Makka in dawo. Ɗanyen fetur ne ke gangarawa salansa, zai cinye tukunyar tace hayaƙi, ita ma kuɗi ce mai yawa.

Masu neman saye su ma su buɗe ido, domin kwalliyar nan ita ake yi wa mota kafin a kai ta haraj, kasuwar gwanjon motoci. Ka je injin na sanyi, ka sa a tayar a gabanka ka duba ko shuɗin hayaƙi zai fito. Ka kai ta fahas, wato binciken lafiyar mota, wurin da kai ka zaɓa, ka ce a duba ko kwamfutar motar ta kammala gwaje-gwajenta. In ta nuna ba ta shirya ba, ba a daɗe da goge lambobi ko cire batir ba. Ka ciro rahoton Mojaz, mai nuna tarihin mota, kafin ka ba da arbun, wato kafin alƙalami.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsa ya adana saƙonninsu da hoton kwalbar, ya kira Ma'aikatar Kasuwanci a 1900 ko ya shigar da ƙorafi ta manhajar Balagh Tijari. Mutumin ya san wasunmu ba sa son zuwa gaban hukuma saboda zancen iƙama, takardar izinin zama, da wannan yake samun gindin zama, don haka masu takarda cikakkiya su daure su yi. Masu kula da zauruka kuma don Allah ku goge tallar, ku cire lambar.