Gargaɗi ga masu sayen tsohon bajon siyasar Amurka: ana kankare shaida ana sayar da jabu

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk mai sayen tsofaffin bajo a intanet, ko don tarawa ko don ya juya ya samu riba. Bajon da muke nufi shi ne ɗan zagayayyen nan mai hoto ko rubutu a fuska, da fil a baya, wanda ake maƙalawa a ƙirjin riga. Akwai masu sayarwa da ke tallar bajon 'yan takarar shugabancin Amurka na da, irin su McKinley da Bryan da Theodore Roosevelt da Cox, suna cewa na asali ne, an tsinto shi cikin kayan gado. Da yawansu kwafi ne da kamfanoni suka raba kyauta don talla a 1968 da 1972, aka kankare rubutun da ke gefensa. Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne kwafin ma ya haura shekara hamsin, don haka tsatsarsa ta gaske ce, dushewar launinsa ta gaske ce. Tsufa kaɗai ba ya tabbatar da komai.

Kafin a gane jabu sai an san yadda na gaske ya samo asali. A 1789, lokacin rantsar da George Washington, abin da aka yi maɓallan ƙarfe ne da ake ɗinkawa a kwat. A zaɓen 1860 na Abraham Lincoln an yi amfani da ƙananan hotuna da aka ɗauka a kan farantin ƙarfe, aka sa su cikin zoben tagulla. Bajo mai fil a baya mai rufin salulod, wani irin roba na da mai haske, bai bayyana ba sai a 1896, daga kamfanin Whitehead & Hoag na birnin Newark a jihar New Jersey, kuma ya zo daidai da zaɓen William McKinley da William Jennings Bryan, wanda rigimarsa ta tsaya a kan ko zinariya kaɗai za ta tsaya wa kuɗin ƙasar ko a haɗa da azurfa. Saboda arharsa, ya bazu nan da nan. Kamfanonin taba suka riƙa sa shi a kwalin sigari, masu fafutukar ba mata 'yancin zaɓe suka ɗauka, ƙungiyoyin ƙwadago ma haka. Talaka da ba shi da jarida ba shi da mumbari ya samu hanyar faɗin ɓangarensa a ƙirjinsa, kuma wannan ne ya sa masu tarawa ke ganin darajarsa. To duk wanda ya nuna muku bajon salulod mai hoton Lincoln ko Washington ya ce na zamanin takararsu ne, ƙarya yake yi, domin abin bai wanzu ba a lokacin.

Iri biyu ne manya, kuma bambancinsu shi ne makamin farko na mai saye. Na salulod yana da sassa: takarda mai hoto, rufin salulod mai haske a kanta, faifan ƙarfe a ƙarƙashi, sai zoben ƙarfe da ake dannawa ta baya ya riƙe bakin takardar da rufin, sannan fil na waya mai lanƙwasa da ke zaune cikin ramin zoben. Sau da yawa akwai 'yar zagayayyar takarda a cikin ramin bayan mai sunan kamfanin da ranakun rajistar ƙirar. Iri na biyu gwangwani ne zalla: ana buga hoton kai tsaye a kan farantin ƙarfe, a yanke, a lanƙwasa bakin, a sa fil. Babu takarda, babu rufi, babu zobe. Wannan na biyun bai shigo harkar zaɓe ba sai wajen 1916, ya yi ƙarfi daga 1920.

Nan ne damfarar ke fallasa kanta. Kwafin da kamfanin da ke yin takardar goge hanci ta Kleenex ya raba a 1968, da wanda kamfanin mai na American Oil ya raba a gidajen mansa a 1972, na gwangwani ne, har da waɗanda ke kwaikwayon zaɓen 1896 da 1900 da 1904 da 1908. Saboda haka bajon McKinley ko Bryan ko Alton Parker ko Taft na 1908 da ba shi da zobe a baya, wanda fenti ne a kan ƙarfe, an gama magana, kwafi ne. Ba sai an nemi masani ba.

Kamfanonin ba su yi wannan don cuta ba. Sun rubuta shaida a gefen bajon, wato a lanƙwasar da ke tsakanin fuska da baya. Na Kleenex yana ɗauke da sunan Kleenex da shekarar 1968. Na kamfanin man yana da rubutu kamar A-O-1972 da wata lamba a gaba. Ɗan damfara kan bi wannan rubutun da reza ko takardar yashi ya kankare, ko ya shafa fenti mai kama da launin gefen. Wani ya fi haka wayo: bayan kankarar sai ya shafa ruwan gishiri a wurin ya bari ya yi tsatsa, ta yadda mai saye zai ɗauka lalacewar shekaru ce. Don haka ku juya bajon a hannu ku bi gefensa gaba ɗaya da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Idan kun ga tsatsa ko ƙarzuwa ta taru a wuri guda mai tsawon kamar santimita ɗaya ko biyu, sauran gefen kuma lafiya lau, wurin rubutun ne aka share. Tsatsar gaske ba ta zaɓar wuri haka. Takan bi cikin ramin baya da inda fil ke gogar ƙarfe. Fentin da aka ƙara kuma yakan ɗan yi tudu, ƙyallinsa ya saɓa da na sauran.

Yawan irin wannan kwafi na cikin abin da ya sa Amurka ta kafa doka a 1973, a zamanin Shugaba Nixon, wadda ta wajabta wa duk mai ƙera kwaikwayon kayan siyasa ya buga shekarar da ya ƙera shi a jiki, a fili, yadda ba za ta goge ba. Amma kwafin 1968 da 1972 sun riga dokar, kuma mai kankara ai ba ruwansa da doka. Ƙungiyar masu tara kayan siyasar Amurka, APIC, wadda aka kafa a 1945, ta daɗe tana tattara hotunan jabun da aka sani, kuma a bakinsu sunan irin wannan kaya "brummagem". Kalmar tana da amfani wajen bincike: a haɗa ta da sunan ɗan takarar a nema, sau da yawa hoton kwafin zai fito.

Akwai sabon jabu kuma, wanda ya fi wahalar kamawa, domin yana zuwa da rufi da zobe kamar na gaske. Ana ɗaukar hoton bajo na asali daga kundin gwanjo, a buga da firinta, a haɗa da injin bajo na hannu, a jiƙa takardar da ruwan shayi don ta yi ja. A nan gilashin ƙara girma ne zai cece ku, kuma gara mai ninki 20 ko 30. Tsohon bugu na hoto yana da ɗigo-ɗigo a jere, layi-layi, masu tsari. Haruffa kuma tawada ce cikakkiya mai kaifin baki. Firinta mai fesa tawada tana barin ɗigo a warwatse kamar an watsa gero, kuma baƙin rubutu idan an ƙara girmansa sai a ga ɗigon shuɗi da ja da rawaya a gefensa. Idan hoton hoto ne aka sake bugawa, fuskar ɗan takarar kan yi hazo, ƙananan haruffa su cuɗe. Wurin da wannan ya fi bayyana shi ne ɗan tambarin ƙungiyar ma'aikatan ɗab'i da ake bugawa a gefe ko a baya. A na gaske ana iya karanta shi duk da ƙanƙantarsa. A kwafi yakan zama baƙin tabo kawai.

Sai fitilar nan mai shuɗin haske da ake gwada takardar kuɗi da ita. Daga wajen 1950 masana'antun takarda suka fara zuba sinadarin da ke ƙara mata fari, kuma wannan sinadari yana walƙiya da shuɗi-fari a ƙarƙashin fitilar. A kashe wutar ɗaki a haska. Bajon da aka ce na 1900 ne, idan takardarsa ta yi walƙiya, sabo ne. Amma a lura, gwajin hanya ɗaya yake bi: walƙiya na tabbatar da jabu, rashin walƙiya ba ya tabbatar da asali, saboda mai wayo na iya yanko takarda daga tsohon littafi ya buga a kai.

Wasu na ba da shawarar a soka allura mai zafi don a gane ko rufin salulod ne. Kada ku yi. Salulod haɗin auduga ce da aka sarrafa da asid da kuma kafur, yana kama wuta da sauri, kuma ko bai kama ba kun huda kayan, darajarsa ta faɗi. Haka tsoma shi a ruwan zafi don a ji ƙanshin kafur: ruwan zai shige ƙarƙashin rufin, ƙarfen ya yi tsatsa, tabo mai ruwan ƙasa ya fito a fuskar takardar, kuma ba ya fita har abada.

Girma ma shaida ne, kuma mutane na raina shi. Tsofaffin bajo na 1896 zuwa 1920 mafi yawansu ƙanana ne: bakwai bisa takwas na inci, wato kusan milimita 22, ko inci ɗaya da kwata, kusan milimita 32. Inci biyu da kwata, kusan milimita 57, shi ne girman da injinan hannu na zamani suka fi fitarwa. Kowane zane na asali an san girman da ya fito da shi, don haka zanen da aka san shi a milimita 22 idan ya zo a 57, sabon haɗi ne. Ku sa mai sayarwa ya ɗora shi a kan rula ya ɗauki hoto. Baya na roba, ko shafaffen baya mai huda biyu da fil ya ratsa, a ƙaramin bajon da aka ce na farkon ƙarni na 20 ne, shi ma abin tuhuma ne. Idan kuwa akwai adireshin kamfani mai lambar gidan waya mai alƙaluma biyar, to ba a fara wannan tsarin a Amurka ba sai 1963.

Kada fil da takardar baya su ruɗe ku. Dukansu ana cirewa da farce. Ana sayen bajo na gaske mai arha na zamanin, a zare fil ɗinsa da takardar Whitehead & Hoag, a mayar a bayan jabu. Idan takardar ta yi kunnuwa, ko ba ta zauna daidai cikin ramin ba, ko akwai alamar gam, ko ita ta tsufa zoben kuma yana sheƙi, an yi dashe. A ɗaya gefen kuma, bajo na asali da fil ɗinsa ya ɓata aka sa wani bai zama jabu ba. Akwai kuma wanda takardar fuskar ta gaske ce, ragowar bugun kamfani da ba a haɗa ba a lokacin, aka zo bayan shekaru aka haɗa da sabon rufi da sabon zobe. Masu tarawa ba sa lissafa shi a na asali, kuma farashinsa bai kamata ya kusanci na asali ba.

Sunan da aka fi yin tarko da shi shi ne Cox da Roosevelt. James Cox ya yi takarar shugaban ƙasa a 1920 tare da Franklin Roosevelt a matsayin mataimaki, Warren Harding ya kayar da su. Bajon da ke ɗauke da hotunan Cox da Roosevelt a jere ƙalilan ne suka rage, kuma a 2022 an sayar da guda a gwanjo kan fiye da dala 100,000. Abu mai irin wannan daraja ba ya yawo a shafin talla kan dala 150 da bayanin "ban san darajarsa ba". Wannan jumlar ita ce ƙugiyar: ana so mai saye ya ji kamar shi ne ya yi wayo, ya biya da sauri kafin wani ya gani. A ɗaya ɓangaren, akwai na gaske da ake tsauwala wa kuɗi. Bajon "I Like Ike" na Eisenhower a 1952, da galibin na Kennedy da Nixon, an buga su da yawan gaske, mafi yawansu 'yan daloli kaɗan ne. Kalmar "mai wuyar samu" a talla ba hujja ba ce.

Salon tallar kusan ɗaya ne kullum. Hoton fuska kaɗai, ba baya, ba gefe. Kalmomi masu santsi kamar "salon da" ko "irin na zamanin", waɗanda ba su ce na asali ne ba, don in rigima ta taso ya ce bai yi ƙarya ba. Sai sharaɗin ba a mayar da kaya. Wani lokaci a haɗa tuli, bajo ashirin ko talatin, a cusa na gaske masu arha guda biyar don su rufa wa sauran asiri. Idan kuka ga jeri mai ɗan takara ɗaya ko biyu daga kowane zaɓe tun 1896 har 1968, duk ƙarfe iri ɗaya, fil iri ɗaya, tsufa iri ɗaya, to saitin talla ne. Kayan da kamfanoni daban-daban suka ƙera cikin shekara 70 ba za su yi kama da juna haka ba.

Kafin ku tura kuɗi, ku nemi hoto huɗu: fuska, baya, gefe daga ɓangarori biyu, da ɗaya a kan rula. Ku tambaya a rubuce, cikin akwatin saƙon kasuwar intanet ɗin, ko an ƙera shi a shekarar zaɓen, a ba ku amsar e ko a'a. Ku kwatanta da hotunan gwanjon da ya gabata na gidajen da suka ƙware, irin su Hake's da Heritage, a duba girma da launi da bayan. Ku biya ta cikin kasuwar ko ta hanyar da ke da kariyar mai saye. A manhajar biyan kuɗi ta PayPal, turawa a matsayin kuɗin 'yan uwa da abokai ba ta da wannan kariyar, kuma shi ya sa 'yan damfara ke roƙon a bi ta nan da sunan rage caji. Wanda kaya ya riga ya iso masa kuma ya ga alamar kankara, kada ya goge ko ya taɓa komai. Ya ɗauki hoton wurin kusa-kusa, ya ajiye hoton tallar da saƙonnin da suka yi, ya shigar da ƙorafin cewa kayan ba yadda aka siffanta ba ne, tun wa'adin mayarwa bai ƙare ba.