Teku ta yi mana yaji a Jambiani

Kwana shida muka yi a Zanzibar ni da maigida, huɗu daga ciki a wani ƙaramin masauki da ke ƙauyen Jambiani, gabashin tsibirin Unguja. Ba zan kama sunansa ba. Hotuna ne suka ja ni: ruwa shuɗi shar har bakin ƙofar ɗaki, ga kuma alƙawarin cewa 'yan gari ne ke riƙe da wurin, su za su nuna maka inda za ka je ba sai ka nemi ɗan rakiya ba. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Tiga ba, ai kun san yadda na ƙagu.

Da dare muka isa. Gari na wayewa muka karya, muka ɗan kishingiɗa saboda gajiyar jirgi, wajen sha ɗaya saura na saka doguwar rigar da na ɗinka musamman don shiga ruwa, na fito. Babu teku. Wallahi babu. Farin rairayi ne shimfiɗe iya ganinka, kwale-kwale sun kwanta a gefe ɗaya kamar an yi watsi da su, ga wasu turaku a jere, ruwan kuwa yana can nesa, sai wani farin layi da ake hangowa. Maigida ya dube ni ya ce, "Hajiya, ashe nan ma ɗauke ruwa ake yi kamar famfon gida?" Ban yi dariya ba.

Na tambayi yaron masaukin yaushe ruwan zai dawo. Ya ce da ni da Turanci ƙarfe goma. Tunda goma ta wuce, na ɗauka ta gobe yake nufi, sai muka tafi dajin Jozani kallon jajayen birai, muka zarce cikin gari, ba mu dawo ba sai bayan isha'i. Washegari goma daidai ina bakin ruwa. Bakin rairayi dai, don ya ma fi jiya nisa.

Zuciya ta ɗebe ni na ce ko a ƙafa sai na cim masa. Na cire takalmi na nausa. Na yi tafiya mai nisa cikin ɗan ruwan da bai wuce idon sawu ba, sai na ji kamar an soka min allurai goma a dunduniya. Wata halitta ce baƙa, dunƙulalliya kamar bushiya, jikinta duk dogayen ƙayoyi, kuma ƙayar karyewa take a cikin nama. Na zauna daɓas a ruwa ina salati.

Matan da ke aiki a wajen turakun nan su suka kawo min ɗauki. Ashe gonaki ne: ciyawar teku suke nomawa, wadda suke kira mwani, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku, ta girma su shanya su sayar. Wata dattijuwa ta riƙe ƙafata tana ta "pole, pole", wato sannu, ta aiki wata yarinya a guje ta kawo ɗanyar gwanda. Ta tsaga bawon da wuƙa, ta ɗiga farin ruwan a kan wurin, ta yi min alama kada in tono da allura. Zafin ya lafa kafin azahar.

Ba ta jin Turanci, ba na jin Suwahili. Na nuna mata teku na buɗe hannu. Ta ce, "Saa kumi." Da ta ga ban gane ba, ta ɗaga hannuwa kamar mai kabbara ta ce, "Alasiri." La'asar! Nan take komai ya warware. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu, don haka gomarsu ita ce huɗun yammarmu. Yaron ya juya min kalmar zuwa Turanci, bai juya agogon ba. Ƙarfe huɗu kuwa ruwa ya cika har yana dukan katangar masauki, ɗumi kamar an sirka.

Daga baya 'yarta mai ɗan Turanci ta ƙara min bayani. Sau biyu a yini ruwan ke tafiya ya dawo, kullum yana jinkirta da kusan minti 50, kuma ya fi yin nisa a tsayuwar wata da lokacin da ya cika, ranakun da su kuma suka fi samun aiki ke nan. Mu a sha huɗu ga wata muka sauka. Da wani ya faɗa min, ai lissafin wata ba baƙonmu ba ne. Ta ce mai son wanka a kowane lokaci ya tafi Kendwa ko Nungwi a arewa, inda ruwan ba ya gudu haka, kuma kada in sake taka wurin nan babu takalmin roba. Ita ce ta ce in na shiga Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, in sayi kanumfari da kirfa a kasuwar Darajani maimakon shagunan baƙi, a Forodhani kuma, dandalin masu sayar da abincin dare a bakin teku, in tsaya inda 'yan gari suka yi layi in sha romon da suke kira urojo, in ƙyale kifin da aka jera tun yamma. Duk na bi, ban yi da-na-sani ba.

A daren nan har na yafe wa masaukin. Ɗakin tsaf, ana jin kiran salla, babu mai kallonka don ka shiga ruwa da hijabi. Na ce tauraro biyar zan ba su.

To amma ina rubutun nan abin yana dawo min. Duk wannan ilimin a bakin matan da ba ko sisina a hannunsu na same shi, alhali shi na biya kuɗin samu a masauki. Allo ɗaya da alli ya isa a rubuta lokacin cikar ruwa. Shawara ɗaya tak yaron ya ba mu da zuciya ɗaya, ita ce mu je Kizimkazi kallon kifin dolfin, kuma ashe kwale-kwalen na yayansa ne. Aka tashe mu da asuba, muka tarar da jirage birjik suna ta bin dabbobin nan a guje, injuna na ruri, da sun ɓullo sai Turawa su yi ta faɗawa ruwa a kansu. Tausayi suka ba ni. Rigar kariyar da aka miƙo min igiyarta a tsinke, sai da maigida ya ɗaure min da ɗankwalina. Da yamma ya je masallaci, hira ta haɗa shi da wani masunci, a nan ya ji cewa ninki biyu muka biya. Da ya yi wa yaron magana sai ya washe baki ya ce "hakuna matata", wato babu damuwa. Bayan dala 44 ta inshorar dole da kowannenmu ya biya kafin mu shiga tsibirin, ga wahalar biza, ba wannan amsar nake son ji ba.

Tauraro uku, kuma ɗaya daga ciki na mai dafa shayi ne, mai citta da kanumfari. Dattijuwar nan na neme ta ranar da za mu tafi in ba ta turmin atamfar da na zo da shi, aka ce tana can cikin gona, ruwa ya janye, ni kuma mota na jira. Na bar wa 'yarta. Har yau akwai ɗigo uku baƙaƙe a dunduniyata.