itch.io: rumfar kyauta ga mai ƙaramin gem, amma kar ka sa rai da ciniki

Duk wanda ya haɗa ɗan ƙaramin gem a kwamfutarsa yana neman inda zai ajiye shi mutane su buga, ni itch.io nake fara nuna masa. Sana'ata gyaran waya ce, gem kuwa sai bayan sallar Isha'i idan akwai wutar lantarki, don haka maganata maganar ɗan koyo ce, wanda ba shi da kamfani, ba shi da mai zane, ba shi da kuɗin talla.

Wani mai rubuta manhaja ɗan Amurka, Leaf Corcoran, shi ya buɗe dandalin a watan Maris na 2013. Abin da ya sa ya shiga raina tun farko shi ne ba a tambayar ka ko sisi kafin ka ɗora aikinka. A Steam, babban shagon gem na kwamfuta, sai ka ajiye dala 100 a kan kowane gem, ga kashi 30 cikin 100 da suke ɗauka a ciniki. A Google Play dala 25 ce ta rajista, kuma tun ƙarshen 2023 sabon asusu na mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji sun riƙe manhajar kwana 14 kafin a bar shi ya fitar da ita. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. To ina ɗan koyo zai samo mutum 12 da za su jure kwana 14 a kan gem ɗin da ake gamawa cikin minti biyar? A itch.io imel kawai ake buƙata. Tun 2015 ma kai ne ke zaɓar rabon da za ka ba su. Sun sa kashi 10 a matsayin na al'ada, kana iya ƙarawa, kana iya mayar da shi sifili, ba wanda zai harare ka.

Ɗora gem ɗin ba shi da wani surkulle. Idan wanda ake bugawa a burauza ne, sai ka tattara fayilolinka cikin zip guda, ka tabbatar akwai index.html, wato fayil ɗin shafin farko, a ciki, ka ɗora, ka danna akwatin da ke cewa a burauza za a buga. Akwai iyaka: kada fayilolin su wuce 1,000, kada nauyinsu duka ya wuce megabayit 500. Mai ƙaramin gem ba zai ko kusanci wannan ba. Sai hoton fuska, wanda suka fi so ya zama 630 da 500, sai launin shafi da rubutun bayani, duk kai za ka tsara yadda kake so. Abin da na fi yabawa shi ne matakan nan uku na fitarwa. Kana iya barin shi a daftari, kai kaɗai ke gani. Kana iya kulle shi da kalmar sirri ka ba abokai su gwada. Sai ka gamsu sannan ka buɗe wa duniya.

Na farko da na ɗora dara ce, darar nan tamu ta rami 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka. Da Godot, wata manhajar haɗa gem, na yi ta. Na kulle na tura wa yaran shago su gwada a wayoyinsu, nan fa na ga abin da ban gani a kwamfuta ba. Yatsan babba ya fi ramin girma, mutum ya nufi ɗa ɗaya ya taɓa na kusa da shi. Sannan irin haruffan nan masu kusurwa da masu gem ke so, yawancinsu ba su san da ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka ga "ka ci ɗa" ya fito da wani ɗan akwati fanko a tsakiya. Da na koma Noto Sans aka zauna lafiya. Akwai kuma akwatin da za ka danna don shaida cewa gem ɗin na aiki a waya, ka zaɓi a tsaye ko a kwance. Kada ka manta da shi, domin mutanenmu a waya suke. Nauyi ma abin lura ne. Gem ɗin Godot yana ɗauke da injinsa gaba ɗaya, ko da abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, mai ƙaramar data zai gaji da jira ya fita. Wanda aka yi da Bitsy ko Twine kuwa kafin ka ƙifta ido ya buɗe. Bitsy, na Adam Le Doux, ɗakuna ne ƙanana da launi uku, Twine kuma labari ne da mai karatu ke zaɓar inda zai bi. Duk su biyun ba sa buƙatar ka iya rubuta manhaja, kuma da marubutan labaranmu na intanet za su waiwayi Twine, da an ga abin mamaki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ka buɗe wa duniya, sai ka ji shiru. Akwai allon lissafi da ke nuna maka mutum nawa suka leƙo, nawa suka buga, daga ina suka fito, kuma allon nan ba ya lallashi. Sauƙin shigar da ya amfane ka shi ya amfani kowa, don haka kaya sun yi yawa, dubban ɗaruruwa, kullum sababbi na binne na jiya. Rumfa dai an ba ka kyauta, amma can ƙuryar kasuwa take, sai wanda ka riƙo hannunsa ka kawo. Binciken dandalin ma a ganina bai kai ba. Idan ba ka san sunan abin da kake nema ba, sai dai ka bi alamomin rukuni kana ta gangarawa.

Maganin wannan shiru shi ne gasar da suke kira jam. Ana sa jigo, a ba da wa'adi, wani lokaci kwana biyu, wani lokaci mako ko wata, kowa ya haɗa gem daga tushe. Kowa na iya shirya tasa, kuma kalandarsu ba ta rabuwa da gasa. Mafi shahara ita ce ta GMTK, wadda Mark Brown, mai tashar YouTube mai wannan suna, ke shiryawa, inda ake shigar da gem dubbai. Bayan an rufe, yawanci waɗanda suka shiga su ne ke buga na juna su ba da maki. Ka buga na mutane ka faɗi ra'ayinka tsakani da Allah, su ma za su biyo ka. Shawarata ita ce a fara da ƙananan gasa, inda 'yan takara ba su da yawa, a nan ne ake karanta aikinka da natsuwa. A wata irin wannan wani baƙo da bai taɓa jin sunan dara ba ya rubuto min cewa bai gane dalilin da ya sa jera huɗu ba ya ci ba. Mu da muka tashi da ita ba ma tunanin bayyana wannan doka. Layi ɗaya na ƙara a allon farko, ƙorafin ya ƙare. Mutanen wurin suna da kara ga ɗan koyo, sun san kowa da rarrafe ya fara.

Maganar kuɗi kuwa, a yi haƙuri. Kana iya sa farashi, ko ka bar shi kyauta mai so ya ba da abin da ya sawwaƙa. Amma masu sarrafa katin biya suna cire wajen santi 30 da kashi 2.9 a kowane ciniki, don haka gem ɗin dala ɗaya kusan sulusinsa ya tafi tun a ƙofa. Fitar da kuɗin ta PayPal ko Payoneer ne, bayan ka cike takardar harajin Amurka, kuma da yake Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, ana iya yanke maka har kashi 30. Ni ban taɓa lissafa shi cikin kuɗin cefane ba. Gaskiya ne akwai waɗanda suka tashi daga nan. Vampire Survivors a itch.io ya fara fitowa a 2021 kafin ya cika duniya, Buckshot Roulette ma a nan aka fara sayar da shi a ƙarshen 2023. Asalin Celeste, wanda Maddy Thorson da Noel Berry suka yi cikin kwana huɗu da manhajar haɗa gem ta PICO-8 a 2015, ana buga shi kyauta a burauza. Sai dai waɗannan 'yan tsiraru ne. Inda na ga kuɗi ya taru da gaske shi ne a ayyukan taimako: a watan Yunin 2020 masu gem suka haɗa ayyuka sama da 1,700 a ƙunshi ɗaya kan dala 5, aka tara fiye da dala miliyan 8.

Abu biyu ga iyaye da yayye. Dandalin ba na yara zalla ba ne, akwai abubuwan manya a ciki. A watan Yulin 2025 sun janye irinsu daga bincike saboda matsin kamfanonin katin biya, duk da haka ka duba saitin asusun kafin ka miƙa wa ƙaninka waya. Na biyu, manhajarsu ta kwamfuta ce, ta Windows da Mac da Linux. A Android sai dai burauza, ko ka sauke fayil ɗin gem ɗin na Android, wato APK, ka girka da kanka. A matsayina na mai gyaran waya, ba na son mutum ya riƙa girka APK daga hannun wanda bai sani ba, na sha wanke wayoyin da irin wannan gangancin ya ɓata. In kai ne mai ɗorawa, ka yi na burauza, ka tura mahaɗin ta WhatsApp, mutum ya danna ya buga ba tare da ya girka komai ba.